Sayayya ta intanet: Hanyoyin biyan kuɗi da yadda za a zaɓi wadda ta dace

Wani babban kaso na cinikin birnin Kano ya koma cikin wayar hannu. Masu sayar da huluna, turare, takalma da jakunkunan fata a Kasuwar Kurmi suna ɗora hotunan hajarsu a WhatsApp da Facebook. Shaddar da aka rina a Ƙofar Mata tana samun mai saye a Legas ko Yamai ba tare da ya taka ƙafarsa Kano ba. Matan aure a Yakasai, Mandawari da Gwale suna sayar da atamfa, leshi da kayan kicin daga cikin ɗakunansu ta Instagram da TikTok. Su ma mazauna birnin suna yin odar waya, agogo ko littafi daga Jumia, Konga da AliExpress.

Duk irin wannan ciniki yana ƙarewa ne a kan tambaya ɗaya: ta wace hanya za a biya? Mutane da dama suna zaɓar wadda ta fi sauri ko wadda suka saba da ita. Amma akwai ma'aunin da ya fi waɗannan muhimmanci, wato idan kayan ba su iso ba, ko suka iso ba kamar yadda aka siffanta su ba, wa zai dawo wa mai saye da kuɗinsa? Hanyoyin biyan kuɗi sun bambanta sosai ta wannan fuska, kuma bambancin ba ya bayyana sai ranar da ciniki ya lalace.

Daga wuri zuwa taransifa

An kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Lokacin da matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya tarar wuri ne kuɗin kasuwa, kuma kimanin wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Daga baya aka koma fam da sule, sannan Naira ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 1973.

A duk tsawon wannan zamani, cinikin nesa bai taɓa dogara da kuɗi kaɗai ba. Baƙon da ya zo da kaya yakan sauka wurin fatoma, wanda ke ba shi masauki, ya adana masa dukiya, ya kuma tsaya masa. Dillali shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ya shaida ciniki, ya karɓi la'adarsa. Idan aka samu tangarɗa, akwai wanda za a kama, domin an san gidansa, an san rumfarsa. Cinikin intanet ya kawar da wannan mutum na tsakiya a mafi yawan lokuta. Saboda haka nauyin da dillali ke ɗauka a da ya koma kan hanyar biyan kuɗin, kuma ba kowace hanya ce ke iya ɗaukarsa ba.

Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fara tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, zamanin gwamnansa Sanusi Lamido Sanusi, sannan aka faɗaɗa shi zuwa Kano da wasu jihohi da Abuja a watan Yulin 2013. An ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11 a watan Fabrairun 2014. Sai dai abin da ya tura talaka zuwa taransifa da gaske shi ne sauya fasalin takardun Naira 200, 500 da 1,000 da aka sanar a watan Oktoban 2022. Ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo baya a farkon 2023 ya sa hatta mai kayan miya da mai shayi sun buɗe asusu. Kotun Ƙoli ta dawo da tsofaffin takardun a ranar 3 ga Maris na shekarar, amma ɗabi'ar taransifa ta riga ta zauna.

Taransifa ta manhajar banki

Ita ce hanyar da ta fi yawa a cinikin WhatsApp da Instagram. Mai sayarwa ya turo lambar asusu mai alƙaluma 10, mai saye ya tura kuɗi, ciniki ya faɗa. Kuɗin yana bi ne ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, mallakar CBN da bankunan ƙasar, wanda aka fara amfani da shi a 2011, kuma yakan isa cikin daƙiƙu idan babu matsalar sabis.

Cajinta ba shi da yawa. A jadawalin CBN da ya fara aiki a Janairun 2020, ana cire Naira 10 idan kuɗin bai wuce Naira dubu 5 ba, Naira 25 daga nan zuwa dubu 50, sai Naira 50 idan ya haura haka, ban da harajin VAT. Akwai kuma harajin gwamnati na Naira 50 a kan taransifar da ta kai Naira dubu 10 zuwa sama.

Rauninta shi ne ba ta da hanyar dawowa. Taransifa daidai take da miƙa tsabar kuɗi hannu da hannu. Banki bai san cinikin da aka ƙulla ba, umarnin mai asusu kawai ya bi. Idan kuɗi ya shiga asusun wani, galibi ba a fitar da shi sai da amincewar mai asusun ko umarnin kotu, kuma ɗan damfara yakan kwashe shi cikin mintuna.

Duk da haka tana da kariya guda ɗaya da bai kamata a raina ba. Kafin a danna tura kuɗi, manhaja tana nuna sunan mai asusun. Idan shagon yana amsa wani suna, wadda ake magana da ita a waya tana amsa wani, asusun kuma ya nuna na uku, to a dakata a nemi bayani. Taransifa ta dace da mai sayarwar da aka sani, ko wanda ke da rumfa ko gidan da za a iya zuwa a same shi.

Lambobin USSD

Ga mai ƙaramar waya, ko wanda datarsa ta ƙare, akwai lambobin da ake dannawa kamar *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, *966# na Zenith da *901# na Access. Ba sa buƙatar intanet, shi ya sa suka samu karɓuwa a wurin dattawa da waɗanda ba su saba da manhaja ba. Tun daga watan Maris na 2021 ake cajin Naira 6.98 a kan kowane amfani, ƙari a kan kuɗin taransifar. Ƙa'idar CBN ta 2018 ta iyakance abin da za a iya turawa ta wannan hanya zuwa Naira dubu 100 a rana, kuma abin da ya haura dubu 20 yana buƙatar ƙarin tantancewa.

Ta fuskar dawo da kuɗi, hukuncinta ɗaya da taransifar manhaja. Ƙarin haɗarinta yana cikin layin waya. Wanda ya saci waya yakan cire layin ya saka a wata, ya yi ƙoƙarin shiga asusun da ke haɗe da shi. Maganin wannan shi ne a kulle layin kansa da lambar sirri, a kuma haddace lambar da banki ya tanada don rufe asusu cikin gaggawa daga kowace waya. Rasit ɗin USSD kuma saƙon tes ne kawai, don haka kada a goge shi kafin kaya su iso.

Katin banki

Katunan da bankunan Najeriya ke bayarwa su ne Verve na kamfanin Interswitch, Mastercard, Visa, sai AfriGo wanda CBN da NIBSS suka ƙaddamar a Janairun 2023. Ana amfani da kati ne a shafukan da ke da wurin biyan kuɗi na musamman, wanda galibi kamfanoni irin su Paystack, Flutterwave ko Interswitch ke gudanarwa. Mai saye zai shigar da lambar katin, ranar ƙarewar wa'adinsa, alƙaluma uku na bayansa, sannan banki ya turo masa lambar amfani sau ɗaya da ake kira OTP.

Fifikon kati a kan taransifa shi ne yana da tsarin ƙorafi. Ɗan kasuwar da ke karɓar kati ya yi rajista da kamfanin biyan kuɗi, an san shi, an san asusunsa. Idan aka cire kuɗi sau biyu, ko aka cire ba a ba da kaya ba, mai kati yana iya cike takardar ƙorafi a bankinsa, banki ya tuntuɓi ɗaya ɓangaren, a buƙaci ɗan kasuwar ya kawo hujjar cewa ya isar da kayan. Idan ya gaza, ana iya janye kuɗin daga wurinsa. Tun watan Yunin 2020 CBN ya umarci bankuna su warware matsalar biyan da ya maƙale a na'urar POS ko a shafin intanet cikin sa'o'i 72. Taƙaddama a kan ingancin kaya takan ɗauki lokaci fiye da haka, amma ƙofar a buɗe take.

Haɗarin kati yana cikin bayanansa. Duk wanda ya mallaki lambobin gaba da baya tare da OTP ya mallaki asusun. Mai sayarwa na gaskiya ba ya neman hoton kati ta WhatsApp, kuma ma'aikacin banki ba ya kira ya nemi lambar sirri ko OTP. Akwai kuma shafukan bogi da ake ƙirƙira su yi kama da na sanannun kamfanoni, harafi ɗaya kawai aka sauya a adireshin. Ya fi aminci a shiga ta manhajar kamfanin, ko a rubuta adireshin da hannu, maimakon danna mahaɗin da aka turo a saƙo.

Shafuka da yawa sukan nemi izinin adana kati domin ya zama shi ne hanyar biyan da za a riƙa amfani da ita kai tsaye. Wannan yana sauƙaƙa sayayya, amma yana nufin duk wanda ya ɗauki wayar zai iya yin oda, kuma wasu manhajojin sukan riƙa sabunta rajista duk wata suna cirar kuɗi ba tare da sun sake tambaya ba. Idan za a adana kati, ya zama na asusun da ba a tara kuɗi a cikinsa.

OPay, PalmPay, Moniepoint da makamantansu

A kasuwannin Kano, kwalin da aka rubuta lambar asusun ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ya zama abin da ake gani a kusan kowace rumfa. Sun samu karɓuwa a 2023 lokacin da manhajojin manyan bankuna suka riƙa gazawa saboda cunkoso. Lasisinsu ya bambanta: OPay da PalmPay suna aiki ne da lasisin hada-hadar kuɗi ta waya, Moniepoint da Kuda kuma ƙananan bankuna ne. Akwai MoMo na MTN da SmartCash na Airtel, waɗanda suka fara aiki a matsayin bankunan biyan kuɗi a 2022.

Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ƙara adadin da take lamuncewa a watan Mayun 2024. Ajiyar babban banki ta tashi daga Naira dubu 500 zuwa miliyan 5, ta ƙaramin banki daga dubu 200 zuwa miliyan 2, masu asusun hada-hadar kuɗi ta waya kuma miliyan 5. Wata ɗaya bayan haka CBN ya soke lasisin bankin Heritage, abin da ya nuna wa jama'a amfanin wannan inshora. Amma a lura, inshorar tana aiki ne idan bankin ya durƙushe. Ba ta biyan wanda ya tura wa ɗan damfara kuɗi da hannunsa.

Asusun yana da matakai uku. A mataki na farko ba a iya ajiye fiye da Naira dubu 300, kuma tun Disamban 2023 CBN ya wajabta haɗa shi da BVN ko NIN, manyan matakan biyu kuma da dukkansu. Wannan iyaka tana da amfani ga mai sayayya. Mutum zai iya ware irin wannan asusu don cinikin intanet kaɗai, ya riƙa zuba masa daidai kuɗin abin da zai saya, ya bar jarinsa ko albashinsa a wani wuri. Ko da an sace bayanan, asarar ba za ta wuce abin da ke ciki ba. Ta fuskar dawo da kuɗi kuwa, turawa daga waɗannan manhajoji taransifa ce kamar kowace.

Biya bayan kaya sun iso

Jumia da Konga, waɗanda dukkansu suka fara aiki a 2012, sun jawo hankalin 'yan Najeriya ne da wannan tsari, domin mutane ba su yarda su biya kuɗin abin da ba su gani ba. Ga mai saye, babu hanyar da ta fi ta kwanciyar hankali, tun da kuɗinsa na hannunsa har kaya su zo ƙofar gida.

Nauyin yana kan mai sayarwa. Shi ke biyan kuɗin kai kaya, kuma idan mai oda ya kashe waya ko ya ce ya fasa, asarar zuwa da dawowa tasa ce. Masu kai kaya ma suna cikin haɗari. A 2017 an kashe wani mai kai kayan Jumia a Fatakwal, lamarin da ya sa wasu kamfanoni suka sake nazarin tsarin. Shi ya sa ba kowane kaya ake bayarwa a kan wannan sharaɗi ba, musamman masu tsada da waɗanda ake kawowa daga ƙasashen waje.

A cikin ganuwar Kano akwai ƙarin ƙalubale. Lunguna da yawa mota ba ta shiga, gidaje da dama kuma ba su da lambar da baƙo zai gane. Kwatance yakan kasance da masallaci, makaranta ko gidan mai unguwa. Mafita ita ce a ajiye magana a wani sanannen wuri a bakin titi, ko a zaɓi karɓar kaya a ofishin kamfanin. A gidajen da mata ba sa fita, ya kamata a shirya tun da wuri wanda zai karɓa, a kuma sanar da shi abin da zai duba. A tambaya kafin oda ko an yarda a buɗe kwali kafin a biya, domin wasu kamfanonin sai an biya ake buɗewa, daga nan sai dai a bi tsarin mayar da kaya cikin wa'adin da suka rubuta.

Tsakanin ƙananan 'yan kasuwa akwai matsakaiciyar hanya da ta zama ruwan dare: mai saye ya ba da kafin alƙalami ko kuɗin mota, a saka kaya a tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa, a turo masa lambar direba, ya cika sauran idan sun isa. A nan kowane ɓangare ya ɗauki wani yanki na kasadar, kuma abin da za a iya rasawa bai kai kuɗin kayan gaba ɗaya ba.

Biya ta hannun mai POS

Wanda ba shi da asusu, ko manhajarsa ta ƙi aiki, yakan kai tsabar kuɗi wurin mai POS ya tura a madadinsa. Hanya ce mai sauƙi, amma tana da tsada saboda ladan mai na'urar, kuma tana raunana hujja. Sunan da zai fito a wurin mai sayarwa na mai POS ne, don haka idan aka samu saɓani, mai saye ba shi da ikon shigar da ƙorafi a banki da kansa, sai ya koma ya roƙi mai na'urar. Rubutun takardar POS kuma yana gogewa cikin ɗan lokaci. Wanda ya bi wannan hanya ya ɗauki hoton rasit nan take, ya kuma yi hulɗa da mai POS ɗin da ke da tsayayyen wuri a unguwa.

Ajiye kuɗi a hannun na uku

Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da aikin dillalin da. Mai saye ya biya, amma kuɗin ba ya isa hannun mai sayarwa sai an tabbatar kaya sun iso. A kan haka AliExpress ke tafiya, kuma manyan shafukan sayayya na gida ma su ke karɓar kuɗi su biya 'yan kasuwarsu daga baya. Kariyar tana aiki ne kawai idan an biya a cikin shafin. Mai sayarwar da ya ce a fito waje a tura masa kai tsaye zai yi ragi, yana neman raba mai saye da kariyarsa ne. Shafukan talla irin su Jiji da Facebook Marketplace kuwa haɗa mutane kawai suke yi, ba sa riƙe kuɗin kowa a Najeriya.

Idan cinikin na WhatsApp ne, mutum na iya samar wa kansa dillali. Mai saye daga Abuja ko Maraɗi ya tura ɗan uwa ko amini zuwa rumfar a Kurmi ko Ƙofar Wambai, ya ga kayan da idonsa, sannan a tura kuɗi yana tsaye. Kuɗin Adaidaita Sahu da ɗan abin goro da za a ba shi ba su kai asarar kuɗin kayan ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Saye yanzu, biya daga baya

Wasu kamfanoni da shagunan waya suna ba da kaya a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kafin a sa hannu, a tara jimillar abin da za a biya a kwatanta da farashin kuɗi hannu, a kuma tambayi tarar jinkiri, domin wasu wayoyin ana kulle su daga nesa idan aka makara. Ga masu guje wa kuɗin ruwa, akwai bambanci tsakanin bashin da ke ƙaruwa da tsawon lokaci da cinikin da aka yanke farashinsa tun farko. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da reshe a Kano, da TAJ da Lotus, suna da tsarin da banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum a kan ribar da aka amince da ita.

Sayayya daga ƙasashen waje

Shafukan ƙetare galibi Mastercard da Visa suke karɓa. Daga 2022 zuwa farkon 2023 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin Naira a waje saboda ƙarancin Dala, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi tare da iyakar abin da za a kashe. Kowane banki da nasa adadin da nasa farashin canji, don haka a tambaya kafin a yi oda. Wasu shafukan, kamar AliExpress da Temu, suna nuna farashi da Naira.

'Yan kasuwar da ke sayen kaya daga Chana ta hannun wakilai sukan tura Naira zuwa asusun wakilin, shi kuma ya biya da kuɗin can. Wannan taransifa ce tsantsa, amanar wakilin ita ce kaɗai jingina. Haka abin yake ga masu saye daga Jamhuriyar Nijar da ke biya da Sefa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, ko ta hannun 'yan canji. A irin wannan ciniki a fara da ƙaramin kaya, a kuma rubuta farashin canjin da aka amince da shi kafin kuɗi ya motsa.

Wace hanya ga wane ciniki?

Idan mai sayarwa sananne ne, an taɓa ciniki da shi ko an san rumfarsa, taransifa ta wadatar, kuma ita ce mafi arha.

Idan babban shafi ne mai tsarin mayar da kaya, a biya da kati ko ta hanyar da shafin ya tanada, daga asusun da aka ware don sayayya. Idan akwai damar biya bayan kaya sun iso, ita ce ta fi ga mai yin oda karon farko.

Idan baƙo ne a Instagram, TikTok ko Facebook, kada a biya duka kafin a gani. A nemi biya bayan isowa, ko a tura wakili, ko a tsaya a kan ɗan kafin alƙalami. Yawan mabiya da hotunan yabon kwastomomi ba hujja ba ne, domin ana sayen su. Kiran bidiyo da mai sayarwa zai nuna kayan da shagon a lokacin ya fi su amfani.

Idan kayan masu tsada ne, kamar waya, kwamfuta, gwal ko kayan lefe, ido da ido ya fi, ko da a intanet aka fara maganar. Farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, haɗe da gaggawar cewa saura ɗaya, alama ce da ya kamata ta sa mutum ya ja da baya. Araha ba ta ado.

Ɓangaren mai sayarwa

Shi ma ɗan kasuwa yana da nasa abin tsoron, wato alat na bogi. Ana ƙirƙirar saƙon tes ko hoton rasit mai kama da na banki a turo masa, ya saki kaya, daga baya ya tarar babu abin da ya shiga. Hujjar biya ɗaya ce, ita ce ya buɗe manhajarsa ya ga kuɗin a cikin asusu. Akwai kuma masu cewa sun tura fiye da kima bisa kuskure, a mayar musu da ragowar a wani asusu daban. Duk kuɗin da za a mayar, a mayar da shi asusun da ya fito, bayan an tabbatar ya shigo. Ɗan kasuwar da ya buɗe asusu da sunan shagonsa, bayan rajista da hukumar CAC, ya fi saurin samun amincewar baƙon mai saye.

Idan an samu matsala

Saurin kai rahoto shi ke raba wanda ya samu kuɗinsa da wanda ya rasa. Da zarar an fahimci damfara ce, a kira banki ko a je reshe a nemi a sanar da bankin da kuɗin ya shiga domin a riƙe asusun kafin a kwashe. A tafi da rasit mai ɗauke da lambar shaidar taransifar, wadda a tsarin NIP take da alƙaluma 30, tare da hotunan hirar da aka yi da tallan kayan. A karɓi lambar ƙorafi daga bankin. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ana iya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN.

Idan matsalar ta ingancin kaya ce, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa siffar da aka tallata. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya. Damfara kuwa laifi ce da ake kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano, ƙarƙashin dokar zamba ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015.

Dukkan waɗannan hukumomi da hujja suke aiki. Saboda haka kafin a tura ko sisi, a tabbatar an rubuta sunan kayan, launi, adadi, farashi, ranar isowa da sharaɗin mayarwa a cikin saƙo, mai sayarwa kuma ya amsa a rubuce. Abin da aka faɗa a kiran waya yana wucewa, wanda aka rubuta shi ake gabatarwa a gaban banki ko alƙali.